Waragar Tsoho Basarke

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a kasuwar Jarwal ta Makka a farkon shekarun sittin ya ga Tsoho Basarke, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke tsugune a bayan rumfar Abdulganiyyu, da wuƙa da guntun katako, yana kankare ɓawon kifi yana farka ciki. Tsoho ake kiransa tun yana jariri, don sunan kakansa ya ci, amma a lokacin da wannan abu ya faru sunan ya riga ya cim masa, ya haura sittin, gemu ya yi fari fat. Mutumin Yawuri ne, daga Sarkawa, masuntan da ake haifa a bakin kogin Kwara a binne su a bakin Kwara. Shi kaɗai ne a danginsu ya ce ba a can zai kwanta ba.

Makka ya zaɓa. Bai zo neman dukiya ba, kuma ba ta neme shi ba. Buri ɗaya ya ɗauko tun daga gida: idan ajali ya zo, a yi masa salla a Harami, a kai shi maƙabartar Ma'ala. Shekarar da ya iso ya sayi likkafani, ya wanke shi da ruwan Zamzam, ya shanya, ya ninke, ya sa a akwatin ƙarfe a ɗakinsu na kan tudun Nakkasa. Matarsa Hure takan ce akwatin ya fi ta gata, don shi ake fara ɗagawa idan rufi ya yi yoyo.

Abin da ya rasa shi ne takarda. Shekara goma sha huɗu yana zaune a garin ba shi da izinin zama, kuma akwai kalma ɗaya da duk irinsa suka fi jin tsoro fiye da kunama: waraga, wato takarda a Larabcin garin. Da ka ji askar, wato ɗan sanda, ya ce “Fen al-waraga?”, ina takarda, sai ka nemi lungu. Tsoho ya san lungunan Jarwal fiye da magen unguwar, kuma tsawon shekarun nan ba a taɓa riƙe masa riga ba.

Yadda ya rasa takardar kuwa, ta teku ne. Shi da Hure sun yi shekara biyar a hanya, suna tsayawa suna aikin auduga a Sudan, har suka kai Sawakin. A can suka shiga wani jirgin katako da ke tsallakar da mutane a ɓoye. Kwana huɗu suna kan ruwa, a na biyar ruwan sha ya ƙare, jirgin kuma ya faɗa tsakiyar duwatsun murjani da ke kwance ƙarƙashin ruwa, ko'ina mai jirgin ya juya sai dutse. Mata suka fara salati. Ana nan sai ga waɗansu manyan halittu masu launin toka sun ɓullo gaban jirgin, suna nitsewa suna tasowa, suna huro iska ta wata ƙofa a tsakar kansu. Ma'aikatan jirgin suka ɗauki ihu, “Abu salama! Abu salama!” Mai jirgin ya bi bayansu, suka ratsa da shi ta wata tsaga a cikin duwatsun, har cikin wani lungun ruwa mai kwanciya. Hor ake ce wa irin wurin, inda kwari ke zubo ruwan tudu cikin teku idan an yi ruwan sama, itatuwa na tsaye da saiwoyinsu cikin laka. A nan aka sauke su, babu jami'i, babu hatimi.

Sauran fasinjoji sun yi wa Allah godiya sun wuce. Tsoho ya yi godiya, amma ya tsaya ya kalli ruwan da idon masunci. Ya ga waɗannan ba kifaye ba ne, ko da 'yan boko da ke ce musu dolfin sukan sa su a layin kifi wurin hira. Numfashi suke yi, kuma ya ga ƙarami manne da cikin uwarsa. “Ayu na teku ne,” ya ce wa Hure. Duk Basarke ya san ayu, ya san yana shayar da ɗansa kamar mutum. Tun ranar bai ƙara ambaton abu salama ba sai ya haɗa da “Allah shi saka musu”.

Abdulganiyyu, mai rumfar, haifaffen unguwar Tandabawi ne a nan Makka. Kakansa ya zo daga Kano, shi kuwa yana da shaidar ɗan ƙasa, da babbar mota, da agogo mai sarƙa, da Hausar da rabinta Larabci ne. Ya gane tun wuri cewa tsohon nan kallo ɗaya yake wa kifi ya faɗi ranar da aka kama shi. Don haka duk Litinin da Alhamis yakan sa shi a bayan mota, tsakanin akwatunan ƙanƙara, a bi hanyar rairayi zuwa bakin teku ya zaɓo kaya. Kuma Allah da ikonsa, hor ɗin da motar ke zuwa shi ne wanda Tsoho ya fara taka ƙasar Hijaz a cikinsa. Kafin ya duba kifi sai ya je bakin ruwa ya yi wa masu gida, abu salama, sallama. Yakan ƙirga su, wani lokaci ashirin da 'yan kai, ya san mai tsagaggen baya, ya san uwar da ke da ɗa.

A lokacin sanyi na shekarar sittin da huɗu ya tarar da abu salama na farko a mace, kwance a kan laka, ya kumbura, ƙudaje sun rufe shi. Ya ce ajali ne, kowa na da nasa. Bayan kwana goma ya tarar da biyu. Da ya ga na huɗu sai ya daina cewa ajali.

Masuntan wurin Larabawa ne, talakawa, kuma su ma abin bai yi musu daɗi ba, don ba mai taɓa abu salama a cikinsu. Wani ya ce annoba ce, wani ya ce aljanun ruwa, wani ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da ɗinkin taru. Tsoho bai yi musu da kowa ba. Ya zaro wuƙarsa ya tsuguna. A gidansu, idan aka ga ayu ya mutu ba wanda ya soke shi, ba a wucewa sai an buɗe an ga dalili, don abin da ya kashe ayu yau zai iya kashe kifin gari gobe.

Ya fara da fata. Da taru ne ya sarƙe su, da an ga zanen igiya a baki da fiffike, amma fatar sumul take. Ya yanka ya duba kitse, ya tarar da kaurinsa ya kai yatsu uku, to ba mai ciwo ba ne, mai ciwo ramewa yake. Ya buɗe tumbi, cike da kifi sabo, wani ko narkewa bai fara ba, to ba yunwa ba ce, kuma yana tsakar cin abinci mutuwa ta same shi. Ya yi tunanin guba daga tudu, sai ya tuna shekarar ko ɗigo ba a yi ba, kwarin a bushe yake ƙayau. Abu ɗaya ne bai gane ba: huhun kowanne cike yake da jini, jini kuma na tsatsowa ta baki da ta ƙofar numfashi, alhali babu rauni ko na allura.

Ya tsinci takardar buhun siminti a wani wurin gini a Jarwal, lokacin ko'ina a Makka gini ake. Ya yage gefe mai tsabta, ya haɗa tawada, ya fere alƙalami. Karatunsa bai yi nisa ba, amma yana iya rubutun ajami. Kowane mamaci ya ba shi layi guda: ranar da aka gan shi, namiji ko mace, kamu nawa ne tsawonsa, abin da ke cikin tumbi, inda iska ke kaɗawa, da gefen hor ɗin da ruwa ya yar da shi. Hure ta leƙa ta ga yana ta fama, harshe a waje.

“Malam, wa za ka aika wa wasiƙa? Mu da ba mu da kowa.”

“Ba wasiƙa ce ba. Mamata nika rubutawa.”

“Na ruwa? Na tudu ma wa ya rubuta su?”

Amsar da ya rasa a bakin teku, a bayan rumfa ya same ta. Wata Talata yana gyaran kifin da aka kawo jiya, kayan sun yi yawa fiye da yadda taru goma za su kama, Abdulganiyyu sai fara'a yake. Tsoho ya farka cikin wani babba, ya ga jakar iskar nan da ke jikin ƙashin baya ta fashe, jini ya taru, naman ya yi laushi, ƙaya ta saki jiki. Ya farka na biyu, haka. Na goma, haka. Babu wanda ke da ramin ƙugiya a baki ko zanen taru a wuya. Yana riƙe da wuƙar sai ƙasa ta girgiza ƙarƙashin ƙafarsa, dum, tattabaru suka tashi. Ba wanda ya waiga a kasuwar, kowa ya saba, ma'aikata ne ke fasa dutse da nakiya don hanya da gini. Tsoho kaɗai ya daskare. Ya ɗauko takardarsa daga aljihu ya bi layukan da yatsa. Duk gawar da ya rubuta, kwana ɗaya ko biyu ne bayan irin wannan babban kamu.

Ranar Alhamis bai tsaya wurin mota ba. Ya bi gefen itatuwa ya yi nisa, har inda hor ya ƙuntace. Da hantsi ya ga kwale-kwale da mutum biyu, baƙin fuska, ba masuntan wurin ba. Suka jira garken kifi ya shigo da cikar ruwa, abu salama na biye suna farauta kamar kullum. Ɗayan ya kunna wani abu da sigarinsa ya jefa. Ruwa ya tashi sama, Tsoho ya ji ƙarar a ƙirjinsa kafin ya ji ta a kunne. Kifi ya taso fari fat, suka kwashe manya suka bar ƙanana. Can gefe wata uwa ta juya ciki sama, ɗanta na zagaya ta yana tura ta da baki don ta taso ta yi numfashi. Tsoho ya san ta, ita ce mai ɗa. Da ruwa ya janye ya je ya auna ta, kamu biyar, nono na zuba kan laka. Ita ce ta goma sha tara. Ya zauna ya yi kuka, bai ɓoye ba, dattijo mai farin gemu. Da ya koma wurin mota, kifin mutanen nan biyu ake lodawa.

Washegari bayan sallar Juma'a ya sami Abdulganiyyu a rumfa. Bai ɗaga murya ba, ya shimfiɗa takardar kan akwati.

“Alhaji, ka san da mi aka kama kifin ga da muka saidawa?”

“Da ruwa, ya ammi, baffana. Duk kifi daga ruwa yake.”

“Da nakiya. Ta fasa dutse. Wani na sato ta wurin gini shina kai musu. Na gani da idona. Goma sha tara sunka mutu, ga su nan.”

Abdulganiyyu ya kalli takardar kamar an ajiye masa kashin kaza. Bai yi mamaki ba, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Tsoho rai.

“Tayyib. Goma sha tara. 'Yan'uwanka ne? Ana cin su? Ana sayar da su?”

“Su sunka shigo da ni ƙasag ga, ni da Hure da mutum sittin. Kuma in an ci gaba, shekara biyu ba ka samun ko ɗan ƙaramin kifi cikin wanga hor.”

“Halas, ya ammi, ya isa. Teku na Allah ne, ba ya ƙarewa.” Ya matso, ya sassauta murya, har da dafa kafaɗa. “Ni ina ganin girmanka. Shekara nawa kana bayan rumfata, na taɓa tambayarka waraga? To kada ka sa wani ya tambaye ka.”

Haka fa. Mutumin da kakansa ya shigo garin nan da ƙafa, da ƙullin gari a ka, shi ne yau ke kaɗa wa ɗan'uwansa takarda a fuska. Bai tsaya nan ba. Cikin kwana uku zance ya zaga Jarwal cewa tsohon Takarin nan shi ke kashe abu salama yana cire kitsensu don haɗa asiri, ai an gan shi da wuƙa a kan gawa ba sau ɗaya ba. Zancen ya yi saurin kama ƙasa, don mutanenmu sun san abin da ake yi da man ayu a gida. Waɗanda ya yi shekaru yana gyara wa kifi suka fara kauce masa. Har wata mata ta zo wurin Hure a asirce tana neman a sam mata kaɗan.

Hure ba ta yi kwana-kwana ba. Ta jawo akwatin ƙarfen ta buɗe, ta ajiye likkafanin gabansa.

“Malam, dubi nan. Shekara biyar muna tafiya saboda wannan. Saura ƙiris. Ka ƙona takardar nan, ka koma bakin wuƙarka.”

“In an kai ni Ma'ala da bakina rufe, mi zan ce? In ce na gani na yi shiru don in samu wurin kwana?”

“Ka ce kai baƙo ne.”

“Su ma sun san baƙo ni ke, sunka nuna min hanya.”

Ba wawa ba ne, ya yi dabara. Akwai wani ofishin hukuma da aka ce yana duba abin da ake sayarwa a kasuwa. Ya shirya zai je ƙofa, ya miƙa wa mai gadi takardar, ya ce a ba babba, ya juya ya shige lungu kafin a ce me. Ya kwana biyu yana haɗa Larabcin da zai faɗa. Ranar Lahadi da safe ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya ninke takardar ya riƙe a hannu. Duk hanya yana maimaita lissafin a ransa, wane namiji, wace mace, wace rana, kada a tambaye shi ya ruɗe.

A ƙofa askar ya tare shi da sanda.

“Ma'ak waraga?” Kana da takarda?

Shekara goma sha huɗu ƙafafun Tsoho ke amsa wannan tambaya kafin bakinsa. Ran nan kuwa kansa cike yake da abu salama, ga takarda a hannu, tasa, wadda ya rubuta da yatsunsa. Karo na farko a rayuwarsa aka tambaye shi waraga yana da ita. Har wani daɗi ya ji.

“Aiwa,” ya ce, ƙirji a buɗe. “Ma'aya.” Ina da ita.

Askar ya ɗage sanda. Sai da Tsoho ya wuce zaure, ya wuce tsakar gida, aka rufe ƙofa a bayansa, sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya waiga, babu lungu.

Jami'in da ke ciki matashi ne, yana shan shayi. Ya miƙa hannu ba tare da ya ɗago ba, Tsoho ya sa masa takardar siminti. Ya duba, ya juya ta, ya ƙara dubawa. Baƙaƙen Larabci ne, amma ko kalma ɗaya bai gane ba. Ya ce wannan laya ce ko me? Tsoho ya tattaro Larabcinsa na kasuwa ya ce a'a, abu salama ne ya mutu, kashe shi aka yi, da nakiya. Jami'in ya ajiye kofi ya miƙe zaune. Mutumin tudu ne, bai taɓa jiƙa ƙafa a teku ba. Wane Abu Salama? Ɗan wace unguwa? Ina gawar? Tsoho ya ce goma sha tara ne, suna bakin ruwa. Aka kira wani magatakarda ɗan Jidda, ya saurara, sai ya fashe da dariya ya ce ai kifi yake nufi. Dariya ta zaga ofishin, har askar ya leƙo ya samu rabonsa. Da suka gama, jami'in ya goge ido, ya ɗora kofin shayinsa kan takardar, ya ce to yanzu a kawo ta gaskiyar.

Ba a bar shi ya koma Nakkasa ba. Da rigar jikinsa aka kai shi Jidda, bayan mako uku aka sa shi a jirgi zuwa Sudan. Ba wanda ya je hor ya duba, ba wanda ya tambayi inda nakiyar ke fitowa. Hure ta yi kwana tara tana zama a ƙofar ofishin, tana roƙo da Hausa, ana amsa mata da Larabci. A rana ta tara magatakardan ya ji kunya, ko kuma ya gaji da ganinta, ya fito ya ba ta abin da mijinta ya bari.

Tsoho ya koma tsinkar auduga, yana tarin abin da zai sake tsallakowa. Ƙarfin bai kai ba. A shekara ta uku wani alhaji ya kawo labarin ya rasu a wani ƙauyen manoma, an binne shi a yadin da maƙwabta suka haɗa. Jefa nakiya kuwa ya tsaya, amma ba don an hana ba, hor ɗin ne ya ƙare, daidai yadda tsohon ya faɗa, har bai cika shekara biyun ba. Abdulganiyyu ya sayar da motar ya koma sana'ar turare, ya tsufa cikin mutunci. Shi aka yi wa salla a Harami, shi ke kwance a Ma'ala. In ka ce abin bai ba ni haushi ba har yau, ka yi mini ƙarya.

Hure ta ajiye takardar cikin ninkin likkafanin. Ba ta iya karatu ba, ta dai san gefen da mijinta ya rubuta, layi goma sha tara, ga zoben kofin shayi a tsakiya. Amma a bayan takardar akwai wani layi guda da shuɗin tawada, rubutu mai kyau, da hatimi a ƙasa. Shekaru tana ɗauka amsar hukuma ce, cewa an karɓa za a duba, kuma hakan na ɗan sanyaya mata rai. Sai bayan labarin rasuwarsa ta kai wa limamin unguwarsu ta ce ya karanta mata abin da suka ce game da abu salama. Liman ya duba, ya ce ba komai ba ne. Ta ce ya karanta.

Ya karanta: “Tsoho, Takari. Ba shi da takarda.”